Ƙafar Mama a Kan Keke

Shafi na 23

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina shafin yau", to ga shi. Wadda ta ce in ban saka ba za ta daina bina, yi zamanki, jiya ma haka kika ce.

*

Kafin Ɗan Guga da Yaya su iso shago na riga na ji sabon albam ɗin sau uku. Na farko na ji shi da kunnen masoyiya. Na biyu na ce ƙila sifikar wayata ce ta lalace. Na uku ina yanke zare a jikin wata riga, ban san ya ƙare ba sai da na lura ba abin da ke tashi sai ƙarar keken ɗinkin Mama.

Ban ji haushi ba. Kawai dai ban ji komai ba, kuma a waƙar Ɗan Guga wannan ya fi haushi muni.

Ɗan Guga fa. Mutumin da ya fara waƙa a bayan shagon ɗinkin nan yana goge kayan mutane, har sunan ya bi shi kan fosta. Albam biyar ya yi, babu waƙar da nake tsallakewa. Da can waƙar maɓallin da ya tsinke yake yi, da ta ƙofar maƙwabci mai ƙara, ka ji kamar a ɗakinku ya kwana. Na shidan nan kuwa daga zuciya sai taurari, daga taurari sai zuciya.

A intanet wani ya rubuta: "A dawo mana da Ɗan Guga, wannan ɗan wanki ne."

Wata ta ce ta kunna wa jaririnta don ya yi barci, sai ta riga shi.

Na yi dariya, sannan na tuna Yaya ne ya haɗa kiɗan albam ɗin, kamar yadda ya haɗa na biyar ɗin baya.

Ga wanda bai san gwajin keke ba: Ɗan Guga ba ya fitar da waƙa sai ta bi ta shagon nan. Zai kawo ta ɗanya, murya da ɗan kiɗa kaɗan, ya jona sifika, ya zauna kan bencin da ke bayan Mama. Ita kuma ta ci gaba da taka kekenta kamar ba kowa a wurin. In waƙa ta ƙare ƙafarta ba ta tsaya ba, a take yake goge ta, ko da ya yi wata yana rubutawa. In ƙafar ta tsaya da kanta, waƙa ta ci. Waƙoƙin da ƙafar Mama ta kashe sun fi waɗanda ta bari yawa.

A albam na shida ba ta kashe ko ɗaya ba.

Ni kaɗai na san dalili. Mama ta daina ji. A hankali abin ya zo, tun ana maimaita mata magana har ya zama sai ta ga bakinka. Ta iya ɓoyewa kuwa. Ita take fara magana, da ƙarfi, ba ta barin gurbi. Mai kawo ɗinki in ya fara bayani sai ta ce, "Gaya wa Auta, ita ke riƙe awo." Ta kuma sa na matsar mata da madubin gwaji zuwa gaban keke, wai don haske.

Da safen nan na tsaya a gaban keken, inda za ta ga bakina.

"Mama, Ɗan Guga zai kori Yaya."

"Zai me?"

"Kora. A rediyo zai faɗa, yau ɗin nan."

"Yaran nan tun suna gajeren wando suke faɗa. Za su shirya."

"Wannan ba irin wancan ba ne. In ya ce Yaya ne ya ɓata masa albam, babu mawaƙin da zai sake ba shi aiki."

"To me kike so in yi?"

"Ki gaya musu."

Ta dube ni.

"Ranar da suka sani, Auta, a kaina za a riƙa magana ina zaune. 'Mama ta ci abinci? Mama ta sha magani?' Kamar kujera. Shi kuma yaron nan ya daina kawo mini waƙa. Kin yi mini alkawari."

"Na yi."

"To miƙo mini almakashi."

Ta sauke ido kan allura. Yanzu in Mama ba ta son magana ba ta bukatar tashi, sauke ido kawai take yi.

*

Rana ta ɗan karkata motar Ɗan Guga ta tsaya, ta tare wa mai gyaran takalmi gabansa kamar kullum. Ɗan Guga ya shigo da baƙin gilashi. Yaya na biye da shi, ɗauke da sifika. Ko a ranar da za a kore shi, shi ke ɗaukar kaya.

Ɗan Guga ya zagaya gaban keke, ya cire gilashi, ya durƙusa.

"Mama, sannu da aiki."

"Ɗan Guga! Ka rame. Ba a ba ka abinci ne a gidan naka?"

"Ana ba ni, Mama."

"Ƙarya kake. Zauna, na san da waƙa ka zo."

Ta ɗaga wa Yaya hannu, ta gyara wuyan rigar da take ɗinkawa, keke ya ci gaba da kukansa. Su kuma suka koma bencin baya. Yaya ya miƙo mini filogin sifika na jona a bangon da ke kusa da teburina.

"Na gaya maka tun a situdiyo," in ji Yaya. "Waƙa ta uku ba ta da ƙashi. Ta bakwai amshinta ba ya zama a baki."

"Ni kuma me na ce maka?"

"Ka ce Mama ta tsaya."

"To Mama ta tsaya. Duka ta tsaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga shagon nan zuwa kunnen mutane, hannun wa waƙoƙin suka bi?"

"Nawa."

"Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Kiɗa ba ya gyara abin da babu."

"Amma yana ɓata abin da ke akwai."

Yaya ya yi wata dariya marar daɗi.

"Shekara nawa muna tare?"

"Kada ka kawo mini shekaru. Ka ga abin da ake rubutawa a kaina? Ɗan wanki! Ni!"

Na sunkuyar da kai kan zarena, don abin ya so ya sake ba ni dariya.

"Mai shirin rediyo zai kira ni yanzu, kai tsaye," in ji Ɗan Guga. "Tambaya ɗaya mutane suke yi: me ya faru? Ni kuma ina da amsa."

"A gaban uwata za ka yi mini wannan?"

"Ni ma uwata ce. Shi ya sa na zo nan, ban yi a bayan idonka ba."

Yaya ya ɗaga murya.

"Mama, kina jin abin da yake faɗa ko?"

Keke dai.

"Bar ta," in ji Ɗan Guga. "Ka san dokarta. In tana kan keke ba ta shiga maganar kowa."

Yaya da kunne yake cin abinci. Yana iya gaya maka ganga ta yi saurin kiftawar ido. Amma bai taɓa lura uwarsa ba ta juyowa in an kira ta daga baya ba. Ban ga laifinsa ba sosai, a tsaye yake zuwa gaishe ta, ita kuma ba ta barinsa ya yi magana.

Ɗan Guga ya juyo wajena.

"Auta. Ke ce masoyiyata ta farko. Ke kika fara haddace waƙata tun ina riƙe da dutsen guga. Faɗi tsakaninki da Allah, albam ɗin ya yi?"

"Bai yi ba."

"Ka ji ko! Kiɗan ne ko?"

"Kiɗan lafiyarsa lau. Waƙar ce ba ta zo ba."

Ya ɓata rai.

"Ke ai ƙanwarsa ce."

"Lokacin da nake yabonka ma ƙanwarsa ce ni."

"Yarinyar nan kin yi baki."

"A waƙarka na koya."

Bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa ya ɗora a gwiwa.

"To ga yadda za a yi. Ba zan zalunci kowa ba. Ga waƙa ta uku, ɗanya, yadda take kafin ka taɓa ta. In ta ƙare ƙafar Mama ba ta tsaya ba, ni da bakina zan ba ka haƙuri a rediyo. In ta tsaya kuwa..."

"Ƙarasa mana."

"Ka san sauran."

Na dubi Yaya. Na ɗan girgiza masa kai. Bai gane ba.

"Na yarda," ya ce. "Wancan karon ƙila gajiya ce, ko tausayinka ta ji. Amma ƙafar Mama ba ta ƙarya sau biyu."

Da hannunsa ya ƙara wa sifikar murya.

*

Waƙa ta fara.

Ina tsaye a teburina, gefen da Mama ba ta dubawa a madubi. Daga nan ina ganin bayan Mama, ina ganin idonta a cikin madubin. Yawanci yana kan allura. Jefi-jefi yakan ɗago, ya leƙa bencin baya, ya koma.

Na san abin da take jira. Ɗan Guga yana da wata ɗabi'a tun yana guga: in waƙa ta kusa wajen da yake so, sai ya rufe ido ya fara gyaɗa kai. Shi bai san yana yi ba. Mama ta sani.

Baiti na farko ya wuce. Zuciya, taurari. Yaya ya harɗe hannu yana kallon ƙafar Mama, har da ɗan murmushi, don shi a ganinsa ya riga ya ci.

Amshi na matsowa.

Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Na auna alkawarin, na auna Yaya yana yawo situdiyo zuwa situdiyo ana ce masa sai an neme shi. Ban ji wani tashin hankali ba. Na sunkuya na zare filogin.

Waƙa ta ɗauke. Saura keke.

Ɗan Guga ya zabura.

"Ke! Me haka?"

"Zauna."

"Kin haukace ne?"

"Zauna, Ɗan Guga. Rufe idonka. Ka gyaɗa kai yadda kake yi in amshi ya zo."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"In ka ƙi, na mayar. Amma ka yi ko sau ɗaya."

Yaya ya ce, "Auta, me ke damunki?"

Da ƙarfi muke duk maganar nan, taku biyu daga bayan Mama, ita kuwa tana ta bin wuyan rigarta. Ina jin wannan ne ya sa Ɗan Guga ya zauna. Ya dubi bayanta, ya dube ni, ya rufe ido.

Ya fara gyaɗa kai. Babu kiɗa, babu murya, babban mawaƙi zaune kan benci yana gyaɗa wa iska kai.

Idon Mama ya ɗago cikin madubi.

Ya koma kan allura.

Ya sake ɗagowa.

Ƙafar ta fara sassautawa. Keken ya ja numfashi, ya ƙara juyi ɗaya, ya tsaya.

Shagon ya yi tsit. Har gudumar mai gyaran takalmi muna ji daga waje.

Mama ta jingina, ta lumshe ido, ta dafa ƙirji.

"Kai, Ɗan Guga," ta ce. "Wannan ta shiga jiki. Nan wajen da ka ja muryar nan, nan ne."

Ba wanda ya motsa.

"Sa ta gaba," ta ce, ta mayar da ƙafa kan keke.

*

Yaya ne ya fara tashi. Ya je daidai bayanta.

"Mama."

Keke.

"Mama!"

Keke.

Ya kira ta da sunan da Baba kaɗai yake kiranta da shi, wanda ko a barci ta ji sai ta waiwaya.

Ba ta waiwaya ba.

Ya ja da baya, ya sulale ya zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, ya rufe fuska da hannu. Na ji tausayinsa. Ya ci gardama, amma ba wannan cin yake so ba.

Ɗan Guga bai tashi daga benci ba. Muryarsa ta dawo irin ta da, ta lokacin guga.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara rubuta albam ɗin nan."

"Ke kin sani."

"Na sani."

"Kika bar ni ina kawowa."

"Ta sa na yi alkawari. Kai kuma ba ka taɓa tambayar kowa ba in ƙafa ta tsaya."

"To me take saurare duk lokacin nan?"

Na nuna masa madubin.

"Fuskarka. In ka rufe ido ta san ka iso wajen da kake so, sai ta tsaya. Matsalar ita ce kai duk waƙarka kana so."

Ya dubi madubin. Ya ga kansa a ciki, ya kawar da kai.

"Wato ni na gwada kaina."

"Kai ka rubuta, kai ka rera, kai ka ce ta yi. Ita ƙafa kawai ta ɗaga maka."

"Don me ba ta gaya mini ba? Ni? Da na kai ta duk asibitin da ake ji da shi."

"Shi ya sa. Ba ta son a kai ta ko'ina. So take ka ci gaba da shigowa da sifika."

Yaya ya ɗago daga ƙasa, idonsa ja.

"Jiya na kira ta a waya. Ta yi mini magana."

"Ita ta yi maka magana. Kai me ka ce da ta amsa?"

Ya yi tunani. Bai samo ba.

Wayar Ɗan Guga ta fara ruri a gwiwarsa.

Muka dube ta mu uku.

"Rediyo ne," ya ce.

"Kada ka ɗauka," in ji Yaya.

"Kai tsaye ne. Sun riga sun sanar."

Ya ɗauka, ya buɗe sifikar wayar. Mai shirin ya shigo da wannan fara'ar tasu ta haya.

"Masu sauraro, ga mu tare da Ɗan Guga! Maigida, ba za mu ɓata lokaci ba. Masoya sun ce albam bai yi ba. An kuma shaida mana akwai wanda ya yi maka aika-aika a situdiyo, kuma yau za ka kama suna. Wane ne?"

Ɗan Guga ya dubi Yaya a ƙasa. Ya dubi bayan Mama.

"Ni ne," ya ce.

"Ban gane ba."

"Ni ne na ɓata shi. Mai haɗa mini kiɗa ya gaya mini gaskiya tun a situdiyo, na ƙi ji. Aikinsa ba shi da aibu. Duk mai neman wanda zai zaga, ga ni."

Yaya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ni ma na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Na ce a raina an gama.

Ashe mai shirin bai gama ba.

"Madalla, wannan dattaku ne. Amma akwai abin da ya ɗaure wa masu sauraro kai. Ka sha gaya mana a nan cewa ba ka fitar da waƙa sai ta tsallake gwajin keke. To ya aka yi wannan karon? Ko Mama ba ta ji waƙoƙin ba ne?"

Ɗan Guga ya dube ni.

A daidai nan keke ya tsaya. Zaren ƙasa ne ya ƙare.

"Auta, miƙo mini baƙin zare," in ji Mama, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

Ta ga Yaya zaune a ƙasa da jajayen idanu.

Ta ga Ɗan Guga da waya a gaban baki.

Sannan ta ga hannuna. Na manta ban ajiye filogin ba. Idonta ya bi igiyar daga yatsuna har zuwa sifika, ya koma bango inda babu komai a jone.

Mama da ta daɗe ba ta magana sai da ƙarfi, a hankali ta yi wannan.

"Tun yaushe yake hannunki?"

Daga cikin wayar mai shirin ya ce, "Ɗan Guga? Kana nan? Muna jinka."